ƘARANGIYAR TEKU: ƘIRA DA RABE-RABEN DANGIN SPINIFERITES

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗalibin sashen nazarin ƙasa da duwatsu, wato jiyoloji. Wata rana da daddare na leƙa kwamfutarsa, sai na ga hoton wani abu kewayayye mai ƙayoyi ta ko'ina. Na ce masa, "Mutumina, yaushe kuka koma nazarin ƙarangiya?" Ya yi dariya, ya ce wannan ƙarangiyar a teku ta rayu, kuma ta yi miliyoyin shekaru a cikin dutse kafin a ciro ta. Da na nemi ƙarin bayani sai ya juya harshe zuwa Turanci, ya ce abin ba ya faɗuwa da Hausa. Har mahaifiyarsa ma, in ji shi, ta sha tambayarsa abin da yake karantawa, amma iyakar amsar da yake ba ta ita ce, "Duwatsu ne, Inna."

Maganar ta tsaya mini a rai. Mu ne kullum muke bugun ƙirji a aji cewa babu ilimin da Hausa ba za ta iya ɗauka ba. To, ga fili ga mai doki. Idan mu da muke karanta fassara da ƙirƙirar kalmomi muka kasa bayyana abin da ɗan'uwanmu yake gani kullum a ɗakin gwaje-gwaje, wa zai yi? Wannan ne ya sa na bi shi, na yi ta tambaya, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan halitta da masana ke kira Spiniferites, da yadda jikinta yake, da yadda aka sha wahala kafin a san gidan da za a ajiye ta.

Mece ce Dainofilajilet?

Kafin mu kai ga ƙarangiyar, sai mun san uwarta. A cikin ruwan teku, da wasu tafkuna, akwai ƙananan halittu masu ƙwayar halitta guda ɗaya tak waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira dainofilajilet. Sunan haɗin gambiza ne: kashin farko daga Girkanci yake, ma'anarsa juyawa kamar katantanwa, kashi na biyu kuwa daga Latin, ma'anarsa 'yar bulala. An ba su sunan ne saboda kowacce tana da silin gashi biyu masu kama da bulala. Ɗaya ya kewaye tsakiyar jikinta a cikin wani kwarmi da ni zan kira ɗamara, ɗayan kuma ya bi wani kwarmin da ya gangara zuwa ƙasa, wanda zan kira lambatu. Idan bulalun suka kaɗa, sai halittar ta yi gaba tana juyawa.

Akwai nau'o'i sama da 2,000 na waɗannan halittu da suke raye a yau. Kusan rabinsu suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai, sauran kuma cin wasu halittu suke yi. Da yawa daga cikinsu suna sanye da sulke, kuma sulken ba gunduma ɗaya ba ne. Alluna ne ƙanana da aka jera gefe da gefe, kamar ƙwallon ƙafa ta fata da aka ɗinke ƙyalle-ƙyalle. Adadin allunan da yadda aka jera su shi ne babban abin da ake bambance wannan da waccan da shi.

Sai dai wannan sulke ba ya daɗewa. Da zarar halittar ta mutu sai ya ruɓe. Abin da yake saura a cikin dutse wani abu ne dabam. Wasu nau'o'in, kimanin kashi 15 cikin ɗari, idan biyu suka haɗu don haihuwa sai su zama ƙwaya ɗaya, ita kuma ta gina wa kanta ƙwanso mai tauri a cikin sulken. Daga nan sulken ya wargaje, ƙwanson ya nitse zuwa ƙasan teku, halittar ta yi barci a ciki na makonni ko watanni. In lokaci ya yi sai ta ɓalle wata ƙofa ta fito ta ci gaba da iyo, ta bar ƙwanson fayau a cikin laka. Sinadarin da aka yi bangon ƙwanson da shi yana da juriya ƙwarai, shi ya sa yake iya kai miliyoyin shekaru bayan lakar ta zama dutse. Wannan ƙwanson barci shi ne abin da na gani a kwamfutar abokina.

Fiɗar Sunan

A nan ne aikinmu ya haɗu da nasu. Kalmar da Turawa suke amfani da ita wajen abin da muke kira ilimin ƙirar kalma, daga nazarin halittu aka aro ta. Marubucin Jamus Goethe ne ya yi amfani da ita a ƙarshen ƙarni na 18 wajen nazarin ƙirar tsirrai da dabbobi, sannan masanin harshe August Schleicher ya shigo da ita fagen nazarin harshe a 1859. Ashe ke nan abokina ƙira yake nazari, ni ma ƙira nake nazari.

Bari mu feɗe sunan Spiniferites yadda muke feɗe kalma a aji. Saiwar farko, spin-, daga kalmar Latin ce mai nufin ƙaya. Ta biyu, -fer-, tana nufin ɗauka. Ɗafa-ƙeyar -ites kuwa masana sun saba liƙa ta ga sunayen duwatsu da burbushin halittun da suka zama dutse. In an haɗa, ma'anar ita ce "mai ɗauke da ƙaya, na cikin dutse". Nau'in da aka ɗauka a matsayin ma'aunin dangin duka shi ne Spiniferites ramosus, kalma ta biyun kuma tana nufin mai rassa. Don haka da na ce ƙarangiya, ban yi nisa da masu sunan ba.

Ƙirar Jiki

Jikin ƙwanson dunƙulalle ne, wani kamar ƙwallo, wani kamar ƙwai. Faɗinsa yakan kama daga maikiromita 30 zuwa 50, ban da ƙayoyin. Maikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Ke nan sai an jera 20 ko 30 kafin su cika milimita ɗaya a kan rula. Bangonsa ninki biyu ne, na ciki da na waje, kuma daga na wajen ne ƙayoyi suke tsirowa. Abubuwa huɗu ake dubawa kafin a ce wannan ɗan dangin Spiniferites ne.

Na farko shi ne ɗinki. A saman bangon akwai ƙananan kunyoyi masu tudu, kamar kunyar gona, waɗanda suka raba jikin gida-gida. Waɗannan kunyoyi suna bin daidai inda allunan sulken uwar suka haɗu ne tun tana raye. Wato ko da yake sulken ya ruɓe, ƙwanson ya riƙe taswirarsa. In aka ƙirga za a sami alluna 4 a ƙoƙuwa, 6 a saman ɗamara, 6 a cikin ɗamarar kanta, 6 a ƙasanta, da wani ƙarami guda 1 a kusa da lambatu, sai 1 a gindi. Wani masani ɗan Amurka, Charles Kofoid, shi ne ya tsara hanyar ba wa allunan lamba a farkon ƙarni na 20, kuma har yanzu ana amfani da ita. Ita ɗamarar, bakinta biyu ba sa haɗuwa daidai. Ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, kamar zanin da aka ɗaura a karkace.

Na biyu shi ne mazaunin ƙayoyin. Ba barkatai suke fitowa ba. Mafi yawansu suna tsayawa ne a inda kunyoyi uku suka haɗu, waɗannan su zan kira ƙayoyin mahaɗa. A wasu nau'o'in kuma akan sami ƙari a kan kunyar kanta, tsakanin mahaɗa da mahaɗa, su ne ƙayoyin tsakani.

Na uku shi ne bakin ƙayar. Ƙayar mahaɗa takan rabu gida uku a ƙarshenta, ta tsakani kuma gida biyu kamar gwafa. Sau da yawa kowane reshe yakan sake rabuwa biyu. Dalilin bambancin a fili yake: ƙayar mahaɗa tana tsaye ne a ƙarƙashin inda alluna uku suka haɗu, ta tsakani kuwa a ƙarƙashin alluna biyu.

Na huɗu shi ne ƙofar fita. Halittar ba ta fasa ƙwanson ta inda ta ga dama. A wannan dangi kullum allo ɗaya ne yake ɓallewa, shi ne na uku daga cikin shidan da ke saman ɗamara, a bayan jiki, ɓangaren da yake nesa da lambatu. Allon da ya ɓalle shi ne murfi, yakan kuma rabu da jikin gaba ɗaya. Abokina ya nuna mini wannan ƙofa a madubi. Sai da na yi ta murza maɓallin daidaita gani kafin na hango ta, wani ɗan fili mai kusurwoyi wanda ya fi sauran jikin haske.

Tarihin Ruɗani

Ba a rana ɗaya aka gano duk wannan ba. A 1836 wani masani ɗan Jamus, Christian Gottfried Ehrenberg, ya gabatar wa cibiyar masana kimiyya ta Balin abin da ya gani a cikin siraran ɓaraguzan dutsen ƙyastu na zamanin Kiretashiyos, zamanin da ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ya ga waɗannan ƙwallaye masu ƙaya, ya ɗauka wani irin gansakuka ne na ruwan daɗi, don haka ya saka su a dangin Xanthidium. Ya kuma zaci jikinsu na sinadarin yashi ne.

Wani likita ɗan Ingila, Gideon Mantell, wanda ya shahara wajen gano ƙasusuwan dainoso, bai yarda ba. Ya lura cewa ƙayoyin wasu sun lanƙwashe, jikin wasu ya yamutse, abin da kuma aka yi da sinadarin yashi karyewa yake yi, ba ya lanƙwasa. A 1850 ya ba su sabon suna, Spiniferites. Amma sunan bai yaɗu ba, aka manta da shi shekara da shekaru. A 1933 wani Bajamushe, Otto Wetzel, ya raɗa musu Hystrichosphaera, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin beguwa da ƙwallo. Wannan suna ya karɓu, har ma aka riƙa kiran duk wani ƙaramin abu mai ƙaya da aka samu a dutse da "ƙwallon beguwa", ba tare da an san ko mene ne ba. Wasu suka ce ƙwayayen ƙananan dabbobin teku ne, wasu suka ce irin tsirrai ne.

Wanda ya warware ƙullin shi ne William Evitt, ɗan Amurka. A 1961 ya nuna cewa mazaunin ƙayoyin da siffar ƙofar fita sun yi daidai da tsarin allunan dainofilajilet masu rai. Shi ne ya ƙirƙiri kalmar akiyofayil, wato tsohuwar ƙofa, don wannan mafita. A 1963 ya ware ragowar da ba su nuna wannan tsari ba, ya kira su akiritak, ma'ana waɗanda ba a tabbatar da asalinsu ba. Daga baya, a shekarun 1960, David Wall da Barrie Dale, suna aiki a cibiyar nazarin teku ta Woods Hole a Amurka, suka ɗebo irin waɗannan ƙwanso masu rai daga lakar teku, suka ajiye su a ɗakin gwaji. Abin da ya ƙyanƙyashe ya fito yana iyo dainofilajilet ne na dangin Gonyaulax. Gani ya kori ji.

Saura suna. Dokar raɗa wa halittu suna ta ce sunan da ya riga fitowa bisa ƙa'ida shi ne mai gida. Tunda na Mantell ya girmi na Wetzel da shekara 83, sai aka koma kansa. A 1970 William Sarjeant ya sake rubuta siffofin dangin a ƙarƙashin Spiniferites, Hystrichosphaera kuma ya zama suna na biyu da aka daina amfani da shi.

Rabe-rabe

A nan na ci karo da matsalar fassara. Masu fassara da dama sukan yi amfani da kalmar jinsi a wannan fage, amma a wurinmu jinsi namiji da tamata ne. Don guje wa ruɗani na zaɓi matakai kamar haka, daga ƙarami zuwa babba: nau'i, dangi, zuriya, reshe, aji. Bisa tsarin da Robert Fensome da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, dangin Spiniferites yana cikin zuriyar Gonyaulacaceae, a reshen Gonyaulacales, a ajin Dinophyceae.

Yana da maƙwabta da suke kama da shi ƙwarai, kuma siffa ɗaya ce takan raba su, kamar yadda sauti ɗaya yake raba kara da ƙara. Achomosphaera, wanda Evitt ya raɗa wa suna a 1963, yana da irin ƙayoyin da irin ƙofar, amma ba shi da kunyoyi a jiki. Impagidinium yana da kunyoyi masu tsayi kamar shinge, amma ba shi da ƙayoyi masu rassa. Nematosphaeropsis kuwa yana da ƙayoyin, sai dai wasu siraran zaruruwa sun haɗa kawunansu, har ya zama kamar ƙwallo a cikin raga.

A cikin dangin kansa an siffanta nau'o'i sama da 100, tun daga farkon zamanin Kiretashiyos, fiye da shekara miliyan 100 ke nan, har zuwa tekunan yau. Spiniferites elongatus dogon jiki gare shi, kuma a ruwan sanyi na arewacin duniya ake samunsa. Spiniferites mirabilis yana da wani faffaɗan tantani da ya haɗa ƙayoyin gindinsa, ya kuma fi son ruwa mai ɗumi. Spiniferites bentorii yana da ɗan tsiro a ƙoƙuwa. Spiniferites cruciformis, wanda jikinsa ya yi fiffike huɗu kamar alamar tarawa, an fara siffanta shi ne daga lakar Bahar Aswad, ta lokacin da ruwan wurin ba shi da gishiri sosai.

Har yanzu da sauran rina a kaba. Gwaje-gwaje sun nuna cewa yawan gishirin ruwa da zafinsa suna canza tsawon ƙayoyi, ta yadda nau'i ɗaya zai iya haifar da ƙwanso mai dogayen ƙayoyi a nan, mai gajeru a can. Ke nan mai yiwuwa ne wasu sunaye biyu abu ɗaya suke nufi. Wannan ita ce irin muhawarar da muke yi a kan inda karin harshe ya tsaya da inda sabon harshe ya fara. Matsalar ta kai har mujallar Palynology ta keɓe fitowa guda a 2018 don wannan dangi kaɗai. Wani abin kuma shi ne halitta ɗaya takan ɗauki suna biyu: tana iyo ana kiranta Gonyaulax, ƙwansonta a dutse kuma Spiniferites. Dalili shi ne mafi yawan na cikin dutse uwayensu sun ƙare tun tuni, babu yadda za a ƙyanƙyashe su a ga ko su wane ne.

Amfaninsa a Ƙasarmu

Mai karatu zai ce, to ina ruwan biri da gada? Akwai ruwansa. Idan ana haƙa rijiyar mai a yankin Neja Delta, ɓaraguzan dutse ne suke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma dole a san shekarunsu da irin wurin da suka taru. Akan jiƙa su a asid ɗin haidirokulorik ya cinye farar ƙasa, sannan a haidirofulorik ya cinye yashi da yumɓu. Abin da ya rage a tace shi da rariya mai ƙananan idanu, a shimfiɗa a gilashi, a duba a madubi. Yawan Spiniferites yakan nuna tekun da bai yi nisa da gaɓa ba. Yawan Impagidinium yakan nuna tsakiyar teku mai zurfi. In kuwa garin furannin tsirrai ne ya rinjaya, to tudu yana kusa. Shi dangin Spiniferites ya daɗe da yawa, don haka sunansa kaɗai ba ya faɗin shekarun dutse; sai an tantance nau'in, an kuma duba sauran dangogin da aka same shi tare da su. Wanda ya kuskure suna zai iya kuskure shekaru, kuskuren shekaru kuwa a aikin haƙa rijiya asarar kuɗi ce mai yawa.

An sami irin waɗannan ƙwanso a duwatsun kwarin Binuwai da na yankin Anambara, shaidar cewa teku ya taɓa malale wuraren. Haka yankin Sakkwato: dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙarƙashin teku ya taru, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Sunan ƙasarmu ma ya shiga littattafan wannan fanni, domin a 1985 Jan du Chêne da Adediran sun siffanta wani dangi daga duwatsun Nijeriya suka sa masa suna Ifecysta, wanda yake ɗauke da sunan Ife a goshinsa.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi amfani da ƙwanson barci, allo, ɗinki, kunya, ɗamara, lambatu, ƙayar mahaɗa, ƙayar tsakani, ƙofar fita da murfi. Dukkansu kalmomi ne da Hausa ta riga ta mallaka. Ban ce su ne daidai ba. Lambatu musamman bai gamsar da ni ba, haka kuma kunya tana iya rikita mai karatu tunda ba ma nuna karin sauti a rubutun yau da kullum. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu su duba su, su gyara, su kawo waɗanda suka fi.

Na karanta wa abokina abin da na rubuta. Ya gyara mini wurare biyu inda na rikita saman ɗamara da ƙasanta, sannan ya nemi in ba shi kwafi. Ya ce in ya je gida hutu zai karanta wa Inna, zai kuma tsinko ƙarangiya ɗaya a bakin gona ya riƙe a hannu yayin da yake mata bayani.